Famfas a Kan Igiyar Shanya

Bayan gidanmu, a nan Gusau, akwai wani kango da mai shi ya yi wa rufi amma bai kai ga sa ƙofofi ba. Kusan shekara biyu ke nan wasu bayin Allah suna zaune a ciki, mutanen wani ƙauye ne na ƙasar Maru da 'yan bindiga suka tasa. A cikinsu akwai wata yarinya da ba ta kai 'yata ta fari a shekaru ba. A cikin kangon ta haihu, mu matan unguwa muka haɗa itace muka yi mata wankan jego har ta yi arba'in. Wata Asabar na leƙa in ga jikin yaron, sai idona ya faɗa kan igiyar shanya. Famfas ne guda uku a rataye. An farke cikinsu, an zubar da audugar, an wanke ledar, an shanya kamar yadda ake shanya riga.

Na ce, "Ke 'yar nan, wannan fa?" Ta sunkuyar da kai ba ta tanka ba. Uwar mijinta ce ta amsa daga bakin murhu: "Malama, tsumma muka sa mishi ciki. In za a kai shi awo sai a ɗaura mishi wanga, kada matan birni su gan shi da tsumma su ce ba mu da tsabta."

Na ce, "Allah ya raya shi, Inna," na fito, don ban sami abin da zan ƙara ba. Kwana da kwanaki ina juya maganar a raina. Yarinyar nan abin da mahaifiyata ta yi mini take yi wa ɗanta, abin da kakata ta yi wa mahaifiyata: ƙyalle, ruwa, sabulu, rana. Amma sai ta ɓoye ƙyallen a cikin ledar famfas ɗin da wata ta ba ta ranar suna, saboda mun koya mata cewa ƙyalle abin kunya ne. Mu matan gari muka koya mata, da irin kallon da muke yi wa juna a layin awo da wurin biki.

Ra'ayina shi ne nafkin, wato ƙunzugun ƙyalle da ake wankewa a sake ɗaurawa, ya fi dacewa da mafi yawan gidajen Zamfara a halin da ake ciki. Kuma duk wanda yake son taimaka wa mai jego mara hali, ɗan'uwa ne ko ƙungiya ko hukuma, da shi ya kamata ya fara. 'Ya'yana biyar. Uku na farko da nafkin na raine su, biyu na ƙarshe da famfas. Na san daɗin kowanne, na san wahalarsa, kuma ba zan ɓoye wahalar nafkin ba don ina son a koma masa.

A yi lissafi tukuna. Jariri sabon haihuwa yana iya ɓata abin da aka ɗaura masa sau takwas ko goma tsakanin safiya da wata safiyar. Yana girma abin yana raguwa, don haka mu sassauta mu ce shida. Mu ɗauka mai shagon unguwa yana sayar da ƙwaya ɗaya naira 200, kowa ya sa farashin unguwarsa a gurbin wannan. Naira 1,200 ke nan a rana, 36,000 a wata. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a ƙasar nan a 2024 naira 70,000 ne. Fiye da rabin albashin ya tafi ke nan, ba a sayi tiyar masara ba, ba a biya haya ba, ba a sayi magani ba. Kuma mazajen mafi yawan matan da nake magana a kansu ba su da albashi sam. 'Yan kabu-kabu ne, 'yan dako, masu faci, ko manoman da gonakinsu suka gagare su shiga. In aka ja lissafin zuwa shekara biyu, famfas 4,380 ne, naira 876,000. Kuɗin da zai kafa wa mace sana'a ta riƙe kanta, an ɗebe shi ɗari biyu ɗari biyu an kai juji.

To amma ba wani talaka da yake kashe wannan kuɗin, domin ba shi da shi. Abin da ake yi shi ne ja. A ɗaura guda ɗaya da safe, ba za a kwance ba sai magariba. A ɗaura wani da dare, ya kai har hantsi. Wannan jan shi ne abin da ya fi damuna a cikin maganar gaba ɗaya, kuma yadda aka ƙera famfas ɗin ma yana taimaka masa. Ledar roba ce a waje, a ciki kuma garin itace ne da aka mayar kamar auduga, an cakuɗa shi da wani sinadari mai kama da gishiri wanda yake shanye ruwa ninkin nauyinsa sau da yawa ya zama kamar kamu. Uwa ta taɓa ta ji a bushe, sai ta ce bari ya ƙara awa biyu. Fitsarin kuwa yana nan manne da jikin yaro, in ya haɗu da kashi ya fara cin fata. A sa wannan a cikin zafin watan Afrilu na Gusau, lokacin da babba ma yake neman inda zai sa kansa. Wadda ta taɓa kwance wa yaro famfas ta ga cinyoyinsa sun yi jajur, fatar ta saɓule, yana tsala ihu in ruwa ya taɓa wurin, ta san abin da nake nufi. Daga nan sai kemis, a sayo man shafawa da kuɗin da dama babu.

Gaskiya ɗaya ce, famfas mai kyau da ake canzawa a kan lokaci ya fi ƙyalle tsare fatar yaro daga laima. Ba na musun wannan. Sai dai sharaɗin shi ne a canza a kan lokaci, sharaɗin nan kuwa da kuɗi ake cika shi. Nafkin ba ya ba ki damar ja. Da ya jiƙe kin sani, yaron ma ya sani, zai faɗa miki. Kuma in kin kwance kin ɗaura wani ba ki ji an zare miki ɗari biyu daga bakin zani ba, don haka hannunki ba ya nauyi.

Tsadar nan ba daga sama ta faɗo ba. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, duk abin da yake da alaƙa da dala ya tashi. Kamfanin Procter & Gamble, mai Pampers, wanda daga sunan kayansa muka samo kalmar famfas ɗin kanta, ya sanar a Disambar 2023 cewa ya daina ƙera kaya a Najeriya, sai dai ya riƙa shigowa da su. A 2024 Kimberly-Clark, mai Huggies, shi ma ya ce zai rufe masana'antarsa ta Ikorodu. Waɗanda suka rage suna haɗawa a kudu, manyan kayan haɗin daga waje suke sayo su, sannan a loda a tirela ta sha dizal tun daga bakin teku har Gusau. Mai jego a Tudun Wada ko Birnin Ruwa ita take biyan kowane mataki na wannan tafiya. Shi ya sa kasuwa ta cika da wasu na buhu marasa suna, masu araha, waɗanda ba su riƙe fitsari ɗaya mai kyau.

Kada kuma a ɗauka mu kaɗai ne. A Amurka, inda Pampers ya fara fitowa a 1961, masana na Jami'ar Yale sun wallafa wani bincike a 2013 da ya nuna kusan uku cikin goma na iyaye mata masu ƙaramin ƙarfi da aka tambaya ba su iya sayen isasshen famfas, kuma an ga alaƙa tsakanin wannan rashi da damuwar da take addabar uwa. Tallafin abinci da gwamnatinsu take bai wa talakawa bai haɗa da ƙunzugun yara ba. Tun 2011 suna da gamayyar ƙungiyoyi ta ƙasa baki ɗaya da take tallafa wa aikin tara ƙunzugu ana rabawa, kuma akwai ƙananan ƙungiyoyi da suke ba da aron na ƙyalle, in yaro ya girma a mayar a bai wa wata. A Landan ma wasu ƙananan hukumomi suna bai wa iyaye takardar rangwame don su sayi na wankewa, saboda yana rage musu sharar da za su kwashe. A ƙasashen masu ƙera abin wasu suna neman hanyar komawa ƙyalle, mu kuma muna ɓoye namu a cikin leda.

Me mai jego take buƙata in za ta yi nafkin? Dozin biyu na ƙyalle mai shan ruwa, irin yadin tawul ko falanel mai laushi, wandon roba uku ko huɗu, fil ko maɓalli, bokiti mai murfi, da sabulu. Sau ɗaya ake sayen ƙyallen. Wanda na yi wa 'yata ta fari shi ƙanenta ya sa, ragowarsa ya kai kan na uku, waɗanda suka mutu kuma suka koma tsumman goge-goge. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna mace a Arewa maso Yamma takan haifi 'ya'ya tsakanin shida da bakwai a rayuwarta. A gidan da goyo yake bin goyo haka, ga kishiya, ga matar ƙanen miji, abin da ake gada daga yaro zuwa yaro dukiya ne.

Akwai wata riba da ba a cika faɗa ba. Iyayenmu ba su jira yaro ya shekara uku kafin ya san fo. Tun yana 'yan watanni uwa take ɗora shi a kan ƙafafunta da safe da bayan ya sha nono, har jikinsa ya saba da lokaci. Mai wanki da hannunta tana da dalilin koya wa ɗanta da wuri, yaron da yake jin laima kuma yana saurin gane abin da jikinsa yake yi. A gidana na ga bambancin ƙarara. Manyan uku sun rabu da ƙunzugu tun kafin yaye, ƙananan biyu kuwa sai da muka sha fama, kuma kowane wata na wannan faman kuɗi ne.

Sai kuma inda famfas yake zuwa bayan an kwance shi. Mu ba mu da motar shara da take zuwa ƙofar kowane gida. Wasu a masai suke jefawa, ya ƙi ruɓewa, ya kumbura, ramin da ya kamata ya yi shekaru ya cika da wuri, masu kwasa su ƙara kuɗi don sai sun sa hannu sun zaro. Wasu su ƙulle a baƙar leda a bai wa almajiri ya kai juji. Wasu, in dare ya yi, sai kwata. Duk wanda ya taɓa fita aikin gayyar yashe magudanar ruwa kafin damina ya san abin da shebur yake fitowa da shi: ledar ruwa da famfas, sun kumbura sun toshe hanya. In ruwan sama ya sauko, kashin da aka naɗe a ciki ya bi lungu, ya bi ta inda yaranmu suke wasa ba takalmi, ya gangara rafi. A juji kuma kaji su tona, awaki su ja, ƙuda ya tashi daga kai ya sauka a kan tallar awara. Jihar da amai da gudawa yake ziyarta kusan duk damina bai kamata ta riƙa watsa kashin jarirai a fili haka ba. Mutane suna ɗauka kashin jariri ba shi da illa, alhali yana ɗauke da cuta kamar na babba. Mai nafkin kuwa dole ta kai kashin masai kafin ta wanke, can ne dama wurinsa.

Yanzu bari in zo kan abin da na san mata da yawa suna ta faɗa a ransu tun farkon rubutun nan: Malama, ina ruwan?

Tambaya ce ta gaskiya, kuma ita ce mafi nauyi. Famfon unguwarmu yakan yi makonni bai ɗiga ba. Da kuɗi muke sayen jarka a hannun 'yan ga-ruwa, in bazara ta yi tsanani farashin ya haura, wani lokacin ma da kuɗinki a hannu ba ki ga mai kura ba. Wankin nafkin na yini ɗaya yana cin kusan jarka guda in ana son ya fita tas. Duk da haka, in kin ɗora kuɗin jarka ɗaya da ɗan sabulu a gefe, kin ɗora na famfas shida a ɗaya gefen, ruwan ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Amma wadda take sayen famfas biyu tana ja, ita a wurinta ratar ba ta da yawa, kuma ga aiki ya ƙaru. Wannan ne ya sa nake cewa wanda ya miƙa wa 'yar gudun hijira dozin ɗin nafkin ya juya baya, ba bokiti, ba sabulu, ba tunanin inda za ta sami ruwa, kaya ya ɗora mata. Nafkin da ba a wanke da kyau ba ya fi famfas cutarwa.

Aikin ma ba ƙarami ba ne. Na yi shi, na san yadda bayan mace yake yi in ta duƙa a kan baho bayan ta kwana tana jijjiga yaro. Na san yadda hannu yake tsagewa da hunturu. Ba zan ce wa wata mace wannan ba komai ba ne. Abin da zan ce, ga maza zan faɗe shi. Malam, in matarka ta ɗauke maka naira dubu talatin da wani abu a wata da ƙarfin hannunta, jarka biyu na ruwa da sandar sabulu hakkinta ne a kanka, ba alfarma ba. In ba ka da na saye, ka ɗauki jarkar da kanka bayan sallar asuba ka je burtsatsen masallaci. Maigidana ya yi haka shekaru a kan kekensa lokacin muna gidan haya, bai rage shi da komai ba. Yara manya ma, maza da mata, su kama shanya da kwashewa da ninkewa.

Wankin kansa yana da ƙa'ida, kuma ƙa'idar ce ta fara ɓacewa tun da aka sami tsara guda da ba ta ga ana yi ba. A karkaɗe kashi a masai, a ɗauraye, a jefa a bokiti a rufe saboda ƙuda. Kada ya kwana biyu a jiƙe. A wanke da sabulu, a ɗauraye har sai santsin ya fita gaba ɗaya, don ragowar omo a jikin ƙyalle shi ma yana cin fatar yaro. Lokaci lokaci a zuba masa tafasasshen ruwa. A kwanakin jego wannan ba ya buƙatar ƙarin itace, tukunya dama tana kan wuta safe da yamma. Ruwan wankin a masai ake zubar da shi, ba kusa da rijiya ba, ba tsakar gida ba, sannan uwa ta wanke hannunta da sabulu kafin ta taɓa abinci ko nono. A shanya a rana sosai. In damina ce rana ta ƙi fitowa, a bi shi da dutsen guga. A shafa wa yaro man kaɗanya kafin a ɗaura.

Ranar nan da muke kuka da zafinta ita ce babban jarinmu a wannan harka. A 2008 hukumar kula da muhalli ta Ingila ta auna nafkin da famfas, ta gano cewa fifikon nafkin ya dogara ne da yadda ake wanke shi: in da injin wanki mai ruwan zafi sosai da injin busarwa ne, ribar takan zube, in kuwa a igiya aka shanya aka kuma yi wa ƙane amfani da shi, ya yi gaba. Abin da su sai sun yi ƙoƙari suke samu, mu a tsakar gida muke da shi kyauta kusan duk shekara.

Wasu kuma tsarki ne damuwarsu, cewa nafkin yana yoyo ya ɓata zanin uwa. Yana yi wani lokaci, musamman in wandon roba ya saki. Amma malamanmu na Malikiyya sun daɗe da yin magana a kan mai shayarwa: an yi mata rangwame a kan abin da ya taɓa tufarta na fitsari ko kashin jaririnta matuƙar tana iya ƙoƙarinta wajen kiyayewa, kuma an so ta keɓe wani zani na salla. Haka iyayenmu suka yi, zanin salla yana rataye a ƙusa ba ya haɗuwa da na goyo. Ban kuma ce famfas haramun ba ne. Ranar tafiya Kano ko Sakkwato a mota, ranar kwanciya asibiti, daren da uwa ba ta da lafiya, a sa shi. Leda ɗaya ta yi wata biyu a ajiye don irin wannan rana daban take da leda ɗaya duk mako.

To ta ina taimakon zai fito? Ni ina ganin daga kayan barka zai fara, don a nan ne kuɗin yake tun dama. Ku duba abin da muke tarawa a ɗakin mai jego ranar suna: turamen atamfa, rigunan jarirai da yaro zai fi ƙarfinsu kafin wata biyu, da ledojin famfas jere a kan gado don 'yan barka su gani. Kafin a yi arba'in famfas ɗin ya ƙare, ya bar uwa da yaron da suka saba da shi. Da mata huɗu daga cikin masu kawo ledojin nan za su haɗa kuɗinsu, da sun yi mata cikakken saiti da zai kai ta yaye har ya jira ƙanensa.

Mu a adashenmu na malamai da matan unguwa mun gwada. Bayan abin da na gani a kango na kai maganar zamanmu na wata. An yi gardama sosai. Wata ta ce mayar da mata baya nake son yi, wata ta ce ita ba za ta kai tsumma gidan suna a yi da ita ba. Wata dattijuwa a cikinmu ce ta kashe maganar, ta ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kuma duk wadda take wurin nan da ƙyalle aka raine ta. Muka cire wani abu daga zubin wata, muka sayo yadi a kasuwa, muka kai wa wata bazawara mai keke da aka kashe mijinta a hanyar gona. Ta yanka, ta ninka tsakiyar sau uku don ya sha ruwa, ta kashe bakin. Saiti huɗu muka fara da su, kowanne da bokitinsa da sabulun wata guda. Sharaɗinmu shi ne aro ne: in an yaye yaro a dawo da abin da ya rage, mu tafasa, mu cike gurbin waɗanda suka mutu, mu ba wata. Na ji tsoron mata za su ƙi abin da wani yaro ya sa, sai na tuna zanin goyo da majanyi ma gadonsu ake yi, rigunan gwanjo kuma ba wanda ya tambayi ɗan wa ya fara sa su.

Abin da mata goma sha suka iya da kuɗin adashe, masu hali da hukumomi za su iya ninkinsa sau dubu. Ƙididdigar hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta 2022 ta ce mutum miliyan 133 a Najeriya suna cikin talauci mai fuskoki da yawa, kuma jihohinmu na Arewa maso Yamma suna cikin waɗanda abin ya fi yi wa katutu. Jihar nan tana da Hukumar Zakka da Waƙafi, ga attajirai da suke rabon azumi, ga ƙungiyoyin da suke raba kayan haihuwa ga masu juna biyu. Ina roƙonsu su sa saitin nafkin a cikin abin da suke rabawa, da bokitinsa da sabulunsa, kuma a haɗa rabon da gyaran burtsatsen unguwar da za a kai shi. Wanda yake neman sadaka mai gudana, ga wadda za ta bi yara uku ko huɗu ɗaya bayan ɗaya. Ma'aikatan lafiya kuma, musamman masu yi wa mata bayani ranar awo, minti biyar na nuna yadda ake ninkewa da wankewa zai yi aiki, kuma kalma ɗaya ta yabo daga bakin malamar asibiti ga uwar da ta zo da farin nafkin tsaf za ta kashe kunyar nan fiye da duk abin da zan rubuta.

Abin da yake ƙara ba ni takaici shi ne ƙasar auduga ce wannan. Manyanmu suna ba da labarin lokacin da Gusau take da masaƙa da injin gurzar auduga suna aiki ba dare ba rana, jirgin ƙasa yana ɗiba, manoman Tsafe da Bungudu da Kaura Namoda suna biyan sadaki da kuɗin kaɗa. Masaƙar ta daɗe da yin shiru. Ba na mafarkin cewa nafkin zai tashe ta. Amma telolin suna nan. An sha koya wa zawarawa da marayu ɗinki a raba musu kekuna, su koma gida su rasa mai kawo aiki sai lokacin salla. Ɗinkin nafkin miƙaƙƙen layi ne, wadda ta yi wata ɗaya a kan keke za ta iya. Duk saitin da aka ɗinka a Gusau ko Talata Mafara ko Anka, ladan ɗinkin a tukunyar wata mata yake ƙarewa a nan cikin gari.

Sai dai duk wannan ba zai yi tasiri ba muddin nafkin ya zama tambarin talaka. In 'yan gudun hijira kaɗai aka gani da shi, za su ci gaba da ɓoye shi a cikin leda. Dole mu da muke da ɗan abin hannu, malamai, ma'aikatan jinya, matan 'yan kasuwa, a ga 'ya'yanmu da jikokinmu da shi, a gan shi a kan igiyoyinmu. 'Yata ta fari tana da ciki wata bakwai. Na riga na yanka mata dozin biyu, na kuma gaya mata a cikin kayan da za a baje ranar suna za a sa su, a sama, ba a ƙarƙashin akwati ba. Ta ɗan ɓata fuska, ta ce, "Mama, dangin mijina fa?" Na ce ni zan yi musu bayani.

Saiti na farko yarinyar kango muka bai wa. Mijinta yana ɗebo jarka biyu a masallaci kafin ya fita dako. Ƙurajen da suke cinyar yaron sun bushe cikin kwana goma. Wandon roban da muka sayo bai yi ƙarko ba, biyu sun tsage a wata na farko, yanzu telarmu tana gwada wani yadi irin na lema ko zai fi. Jiya da yamma uwar mijin ta aiko jikarta ta kira ni. Ta ce akwai wata a kangon da yake bayan nasu, mutanen ƙasar Zurmi, watan haihuwarta ya kama, ko akwai saura? Na duba asusunmu da daddare. Kuɗin yadi da ɗinki ya isa, na bokiti da sabulu ne babu, sai an yi zubin ƙarshen wata.